Wanda Ya Hau Dutse da Mai Moussa

Hantsi ya ɗaga lokacin da Salifou ya sami Alhaji Mai Moussa. Yana kwance a gindin wani gangaren dutse, fuskarsa cikin tsakuwa, jini ya bushe a ƙeyarsa, takalminsa ɗaya can gefe. Salifou ya sauka da jan gindi, ya ɗora yatsu a wuyansa. Jijiya tana bugawa, a hankali ƙwarai, amma tana bugawa.

Ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe shi, ya haura da gudu zuwa kan tudun, wurin da kaɗai telefon ke kama rezo, wato layin sadarwa, a duk yankin, ya kira masu ceto. Ba a jima ba elikofta ta zo ta ɗauke Alhaji. Jandarma kuwa suka ce gobara ta tashi a kurmin kudu, mutanensu duk suna can, sai wajen la'asar za su iso ta mota. Kafin nan kada kowa ya bar sansani.

Salifou mutumin Gadabeji ne. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa neman shanun da aka sace, daga baya ya yi aikin bin sawu wa ma'aikatan gandun daji. Yanzu yana zaune a Lyon, sana'arsa raka masu yawon ƙafa cikin duwatsu. Alhaji Mai Moussa, mai kantin atamfa a unguwar Barbès ta Paris, shi ya kira shi cikin gaggawa ya ce yana son ya fitar da mutanensa shan iska. Salifou ya kawo su gandun dajin Cévennes, kan tudun Méjean, fili fetal na busasshiyar ciyawa da farin dutse, inda za ka wuni kana tafiya ba ka ga hayaƙin gida ba. Abu ɗaya Alhaji ya roƙa: wurin da babu rezo. Da Salifou ya ce akwai tudu guda da ke kamawa, sai ya ce, “To, kada ka gaya wa kowa.”

A lokacin Salifou ya ɗauka hutu mutumin yake so.

* * *

Da ya koma sansani ya tarar da Rachidou, abokin cinikin Alhaji, yana riƙe da gudumar kafa tanti.

“Makiyayin nan ne,” in ji Rachidou. “Wallahi shi ne. Kowa ya ga yadda ya ɗaga wa Alhaji sanda jiya.”

An gani kuwa. Da yammacin jiya farin karen Firmin, wani tsohon Bafaranshe mai kiwon tumaki a can ƙasan kwari, ya taso wa sansanin da haushi. Alhaji ya jefe shi da dutse, Firmin ya zo yana zage-zage yana kaɗa sanda, har sai da Salifou ya shiga tsakani.

Kadidiatou, matar Rachidou, wadda ke aikin jinya a Lyon, ta riƙe hannun mijinta. Abdoul Razak, ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, yana tsaye nesa kaɗan, hannuwa cikin aljihu. Hajiya Zouera, ƙanwar Alhaji, tana zaune a bakin tantinta ta ƙudundune cikin bargo duk da ranar da ake yi. Tunda aka ce an sami yayanta ba ta furta komai ba sai salati.

“Aje gudumar,” in ji Salifou.

“Malam Salifou, mu baƙi ne a nan. Kana tsammanin jandarma za su kama ɗan garinsu saboda mu? In ba mu je mun tsare shi ba, ya tsere.”

“Mai tumaki ba ya tserewa ya bar tumakinsa. In ka taɓa shi kuma, kai za a fara ɗauka. Ku zauna. Kada kowa ya bi hanyar tudu, kada ku tattaka mini ƙasa.”

* * *

Salifou ya iske Firmin a bakin tafkin da yake shayar da garkensa. Tsohon ya ga elikofta, ya kuma san abin da ya kawo baƙon. Ya tofar da ciyawar da ke bakinsa, ya ce da Faransanci, “Kun riga kun yanke ni ne, ko?”

“Ni ban yanke komai ba. Ina kake da asuba?”

“Inda nake kullum. Da su.” Ya nuna tumakin da haɓa.

Salifou ya bi bayan garken da ido. Sawun tsohon yana nan tun daga bukkarsa har tafki, kofatan tumaki sun taka wani, wani kuma ya taka nasu, alamar tare suka taho. Duddugen takalminsa na dama ya cinye gefe ɗaya, sanda tana huda ƙasa a hagunsa. Babu inda ya ratse zuwa tudu.

“Ka ga wani abu?”

Firmin ya dubi tudun. “Gari bai waye sosai ba na ga fitila tana hawa tudu. Mutum biyu, ina jin. Da haske ya fito na ga ɗaya yana saukowa.”

“Namiji ko mace?”

“Daga nan? Ɗan baƙin abu ne kawai yake motsi.” Ya dubi Salifou. “Zai rayu?”

“Allah ya sani.”

“Na zage shi jiya. Ban so masa wannan ba.”

* * *

Hanyar tudu ta fara daga bayan tantuna. Raɓa ta jiƙa jar ƙasar da daddare, ta riƙe komai. Salifou ya durƙusa. Ga takalmin Alhaji, ya san shi, mai lallausan tafi. Kusa da shi ga wani babba, sabo fil, haƙoransa kamar na tayar tarakta. Biyun sun hau tare. Babban ne kaɗai ya dawo.

Bai buƙaci neman mai shi ba. Abdoul Razak ya sayi takalmin a Paris don wannan tafiyar, an wuni ana yi masa ba'a a kai.

Ya kira shi gefe, bayan wani dutse.

“Ɗaga ƙafarka in gani.”

Abdoul Razak ya ɗaga. Jar laka ta cika haƙoran.

“Ka hau tudu da asuba?”

“Ban hau ba. Na yi salla a tanti na koma barci.”

“Takalminka ya hau.”

Fuskar Abdoul Razak ta canza. “A waje na bar shi. Kowa a waje yake barin nasa. Da na tashi na gan shi can kusa da jarkar ruwa, na ɗauka wani ne ya ture shi.”

“Jiya bayan magariba na ji muryarka da ta Alhaji. Ba hira kuke ba.”

“Mun yi sa-in-sa, gaskiya ne.”

“A kan me?”

“Ba zan faɗa ba.”

“Abdoul Razak, jandarma suna hanya. Za su ga abin da na gani. Sawunka ya hau da mutum, ya sauko shi kaɗai, ga faɗa jiya. Ka san inda wannan zai kai ka?”

“Na sani.” Ya dubi Salifou. “Amma maganar ba tawa ba ce. Na yi alkawari.”

Rachidou, ashe, ya laɓe yana ji. Ya fito yana huci. “Kai ne? Kai da ka ci abinci a gidansa?” Amma da Salifou ya juya ya tambaye shi ko ya san abin da aka yi faɗan a kai, sai ya kau da kai, ya ce shi bai ji komai ba. Salifou ya lura da wannan.

Kadidiatou ya samu tana wanke kofuna da ɗan ruwan da ya rage.

“Kin ji motsi da asuba?”

“Na ji an zuge tanti, ban san na wa ba. Ban tashi ba.” Ta sunkuyar da kai. “Kwana biyun nan ba na salla, Malam, sai na yi kwanciyata. Rachidou yana gefena har rana ta fito.”

“Kin san abin da ya haɗa Alhaji da Abdoul Razak?”

Kofin ya suɓuce mata. Ta ɗauka, ta ci gaba da gogawa. “A'a.”

Hajiya Zouera ba ta ɗago ba da ya tsuguna gabanta.

“Hajiya, sannu. Yana numfashi lokacin da aka ɗauke shi, ki sa rai. Kin ga fitarsa?”

“Kaina ke ciwo tun jiya,” ta ce da dusasshiyar murya. “Ban ga kowa ba.”

Ƙafafunta suna cikin bargo. Salifou ya yi mata addu'a ya tashi.

* * *

Ya sake bin sawun, wannan karon a hankali, yana tafiya gefe don kada inuwarsa ta rufe shi. Wani abu yana damunsa. Abdoul Razak dogo ne mai faɗin taku, wannan kuwa takun gajere ne, hancin takalmin yana jan ƙasa. Amma mai tafiya cikin duhu da dattijo yakan rage taku. Wannan ba hujja ba ce da zai ɗora ran mutum a kai.

A kan tudu iska tana kaɗawa, ungulaye suna shawagi can sama. Masu ceto sun tattake bakin gangaren, babu abin karantawa a wurin sai wani kwararo inda tsakuwa ta zube. Salifou ya ja baya, ya fara kewaya wurin, yana faɗaɗa da'ira. A bayan wani dogon dutse da ke kare iska ya sami ɗan fili mai laushin ƙasa, wanda ba wanda ya taka tun asuba.

Tafin hannu ya fara gani, a buge a ƙasa, yatsu a ware. Taimama. Ruwa ya yi ƙaranci a sansani, kowa yana tattali. Hannu biyu manya, sai wasu biyu gefe. Ashe nan suka yi sallar asuba, ba tabarma, a kan ƙasa tsura.

Ya kwanta rub da ciki ya sa ido daidai da ƙasa. Ga inda Alhaji ya tsaya yana fuskantar alƙibla, ga gwiwoyinsa, ga gurbin goshinsa. Salifou ya duba damansa, inda mamu zai tsaya. Babu komai, ƙasa lumui.

Ya juya baya. Nan ya gani. An ajiye manyan takalman gefe guda, an tsaya da safa, ƙafa 'yar ƙarama. Gwiwoyi a haɗe, goshi kusa da su, daidai bayan liman.

Ya daɗe a kwance a wurin. Sa'annan ya tsinko ƙananan duwatsu ya kewaye filin don kada a taka, ya kama hanyar sauka. Bai yi sauri ba.

* * *

Rana ta karkata da ya tara su a inuwar babban tanti. Firmin ma ya hauro, ya tsaya daga nesa da karensa a ɗaure.

“Makiyayi bai hau tudu ba,” in ji Salifou. “Sawunsa yana tare da tumakinsa tun daga bukka. Rachidou, ka ji?”

Rachidou ya gyaɗa kai, idonsa a kan Abdoul Razak.

“Takalmin Abdoul Razak ya hau da Alhaji, ya dawo shi kaɗai. Wannan ma gaskiya ne. Amma kafin abin ya faru, su biyun sun yi salla a can sama, ƙasa kuma ta riƙe. Alhaji ne ya ja. Ku gaya mini, namiji ɗaya in ya bi liman, ina yake tsayawa?”

“Dama da shi,” in ji Rachidou.

“Wanda ya bi Alhaji a bayansa ya tsaya.”

Kowa ya san mace ce ke tsayawa a bayan liman. Iska tana kaɗa igiyar tanti. Kadidiatou ta ɗora hannu a baki. Ita ta riga ta faɗi halin da take ciki, ta kuma san mata nawa ne a sansanin.

Salifou bai dubi kowa ba sai ƙasa. “Ban san abin da ya faru a bakin dutse ba, masu ceto sun share wurin. Amma jandarma in sun zo, takalmi za su gani, su tafi da mai shi. Ina so wanda ya sani ya yi magana kafin su iso.”

Hajiya Zouera ta yaye bargon. Safarta ta yi ja da ƙasa.

“Ƙafata ce ta kumbura,” ta ce. “Nawa takalmin ya ƙi shiga, na zura wanda na samu a duhu. Ban yi don a kama kowa ba.”

“Hajiya…” in ji Abdoul Razak.

“Bari in gama. Jiya bayan rigimar kare na je na ba makiyayi haƙuri, na tambaye shi inda ake samun rezo, ya nuna mini tudu. Tun kafin mu baro Paris nake neman Inna a Damagaram ba na samu, Yaya yana ce mini telefon ɗinta ne ya lalace. Da asuba na ce zan hau in gwada lambar maƙwabta. Ya ce in bari, na ƙi, sai ya biyo ni. Muka yi salla. Ina sallamewa na kunna telefon, saƙonni suka yi ta shigowa.” Ta tsaya, ta ja numfashi. “Na farko na Gwaggo Batula ne. Ta ce, ‘Zouera, ya haƙuri? Har an yi sadakar uku ba mu ji muryarki ba.’”

Kadidiatou ta fashe da kuka. Rachidou ya dafe kai.

Zouera ta dube su ɗaya bayan ɗaya. “Kun sani. Dukanku kun sani. Kuna kallona shekaranjiya ina gasa muku nama ina dariya, uwata tana kabari.”

“Alhaji ne ya roƙe mu,” in ji Rachidou da ƙyar. “Ya ce katin izinin zamanki a ƙasar nan bai fito ba. In kika ji za ki hau jirgi, in kika fita kuma ba za a bar ki ki dawo wurin yaranki a Stains, gefen Paris, ba. Ya ce a fitar da ke daga Paris kafin masu gaisuwa su fara zuwa, in katin ya fito ya gaya miki da kansa.”

“Abin da muka yi faɗa a kai ke nan,” in ji Abdoul Razak. “Na ce masa ba a yi wa mutum haka.”

“Na tambaye shi,” Zouera ta ci gaba, kamar ba ta ji su ba. “Ya ce in saurara ya yi mini bayani. Yana matsowa yana miƙo hannu, ni kuma na sa hannu biyu na tunkuɗe ƙirjinsa. Ban san bakin dutse yana bayansa ba. Ko na sani, ban tuna ba. Na leƙa na gan shi kwance ba ya motsi. Na kira shi, na kira shi. Sai na ce na kashe shi. Ban san yadda na sauko ba.”

“Telefon yana hannunki, ga rezo,” in ji Salifou a hankali. “Da kin kira, da an ɗauke shi tun sassafe.”

“Na sani.”

“Kina ji ana cewa makiyayi, kina ji ana cewa Abdoul Razak.”

“Ina ji. Bakina ne ya ƙi buɗuwa.” Ta juya ga Abdoul Razak. “Ka yafe mini.”

Can ƙasan kwari ƙura ta taso, wata shuɗiyar mota tana hawowa a hankali. Salifou ya dubi matar, ya tuna cewa tun asuba take ɗauke da mutuwar uwarta ita kaɗai, ba wanda ya ce mata komai. Ya gyara zama, ya cire hularsa ta rana, ya ɗaga hannuwa.

“Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya haskaka kabarinta.”

Sauran suka ɗaga nasu. Sai a lokacin Zouera ta yi kuka, irin wanda ke fitowa daga ciki, har Firmin ya cire tasa hular ba tare da ya san abin da ake faɗa ba. Da motar ta tsaya, ita ta fara miƙewa. Ta nufi jandarman da safa, Kadidiatou tana riƙe da ita.

* * *

Salifou ya kai su kan tudu ya nuna musu abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Aka tafi da Zouera, aka ɗauki bayaninta, daga baya aka sake ta kafin alƙali ya duba maganar.

Alhaji Mai Moussa ya farfaɗo. Ƙugunsa ya karye, hannunsa na hagu kuma likitoci sun ce da wuya ya koma kamar da. Aka mai da shi wata asibiti a Lyon, kusa da Kadidiatou. Da jandarma suka zo jin ta bakinsa, ya ce santsi ne ya kwashe shi. Suka ce ƙanwarsa ta faɗi wani abu dabam. Ya ce ƙanwarsa tana cikin makoki, ba ta san abin da take faɗa ba. Suka rubuta duka biyun.

Ranar da aka ba Zouera izinin ganinsa, Salifou ne ya ɗauko ta daga tashar jirgin ƙasa. A ƙofar ɗakin ta tsaya, sai da ya ce mata ta shiga.

Alhaji ya rame, an naɗe masa kai. Ya dube ta.

“Zouera, tsoro na ji. Na ga kamar in kin tafi…”

“Bar wannan, Yaya,” ta ce. Ta jawo kujera ta zauna daf da gadon, ta ɗora hannu a kan hannunsa mai lafiya. “Gaya mini yadda ta cika. Wa ke wurinta? Ta yi magana?”

Alhaji ya rufe ido, ya fara ba ta labari. Salifou ya ja musu ƙofa.